Amsa: Adana shafukan intanet a kwamfutarka

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambayi yadda za ka adana shafukan da kake gudun su ɓace, ka riƙa buɗe su ko babu data.

Idan ɗaya-ɗaya ne, saka SingleFile, wata ƙaramar manhaja da ake ƙara wa burauza, a Firefox ko Chrome. Yana haɗe rubutu da hotuna cikin fayil guda, shi ke nan. Idan kuwa suna da yawa, ArchiveBox, wani shirin kwamfuta na adana shafuka, nake amfani da shi a kan wata tsohuwar kwamfuta da na saya a Computer Village, Ikeja. Ka ba shi jerin adireshi, ya ajiye kowane shafi a siffofi da dama: PDF, hoton allo, da WARC, tsarin da Internet Archive, ƙungiyar da ke adana shafukan intanet, ke aiki da shi. Kada ka dogara da Internet Archive kaɗai, domin a Oktoban 2024 masu kutse sun tsayar da Wayback Machine, rumbunsu na tsofaffin shafuka, na kwanaki.

Babbar damuwata a nan Agege ita ce wuta. An taɓa ɗauke ta kwamfutar na cikin aiki, faifan ajiyarta ya lalace, na rasa tarin wata uku. Wallahi har yau abin na yi mini ciwo. Don Allah ka nemi UPS, na'urar batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, ka ajiye kwafi na biyu a wani faifan, nesa da danshin damina.