Holoƙo, guguwa da hazo: kowace ƙura da iskar da ta ɗauko ta

Wata malamar firamare daga Maraɗi ta rubuto tana cewa: "Malam, yara sun tambaye ni ma'anar 'holoƙo hadarin kaka'. Na ba su amsa, amma ni kaina raina bai kwanta ba. Me ya sa aka ce kaka, alhali a bazara ne ƙura ta fi turnuƙe mu kafin ruwa?"

Malama, tambayarki ta yi. Holoƙo shi ne hadarin da zai haɗu ya yi baƙi ƙirin a gabas, iska ta taso, mata su kwashe shanya a guje, a ɗaure awaki, a kife tukunya kan murhu, sannan ya watse ko ɗigo bai sauke ba. Abin da ya bari sai yashi a haƙora da ƙasa a cikin tuwo. Shi ya sa ake yi wa mai cika baki wannan kirari, mutumin da zai yi ta kumfar baki yana "sai na yi, sai na yi", gobe ka same shi yana shan inuwa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sau tari ruwan ya zubo daga gajimaren, ƙasa ce bai iso ba. Idan iskar da ke ƙarƙashin hadarin busasshiya ce, sai ta shanye ɗigon tun yana hanya. Shanyewar nan tana sanyaya iskar, iska mai sanyi kuwa ta fi mai zafi nauyi, sai ta rikito ƙasa da ƙarfi, ta bazu kamar an kifar da ƙwaryar ruwa a tsakar gida. Bakin wannan iska ne ke sharo ƙasa ya miƙar da ita tsaye kamar katanga. Wanda ya ga hotunan jan bangon ƙurar da ya rufe Yamai a watan Mayun 2020 ya ga wannan aiki ƙuru-ƙuru. Sanyin nan da ke bugun fuska kafin ƙurar ta iso, har mu ce "an yi ruwa a wani wuri", shaidarsa ke nan.

To me ya kawo kaka? A nawa ganin, Bahaushe ba yawan ƙura ya auna ba, alkawari ya auna. Hadarin bazara ko ya yaudare ka yau, damina na bayansa, jibi ko gata zai biya bashi. Na kaka kuwa iskar damshi ta riga ta fara komawa kudu, babu abin da ke biye da shi sai rani. Manomin da dawarsa ke neman ruwa ɗaya tak ta ƙarasa nuna, shi ya san zafin holoƙo.

Ki kuma ja kunnen yaran kan rubutu: hadari na sama da "d" ne, haɗari na hanya da "ɗ". Haka ƙura da kura, ɗaya tana shiga ido, ɗaya tana shiga garke.

Wani ɗan'uwa mazaunin Sudan ya ce a can suna cewa "habub", yana so ya san ko shi ne hazo, ko kuwa guguwa.

Ba ɗaya daga cikinsu, ɗan'uwa. Habub Larabci ne, daga tushen da ke nufin busawar iska, kuma shi ne bangon ƙurar da na bayyana a sama, wanda mutanen Khartoum suka saba gani a watannin zafi. Guguwa ƙarama ce, aikin rana tsaka: ƙasa ta gasu, iskar da ke kanta ta yi sama tana juyi, ta kwashi leda da kara ta wuce cikin 'yan mintoci. Muna yara an hana mu shiga cikinta wai aljanu ne ke tafiya, kuma ba mamaki a harshen da "iska" ke da jam'in "iskoki". Yanzu 'yan jarida sun ɗora wa kalmar kaya, har da mahaukaciyar guguwar teku da guguwar siyasa.

Hazo kuwa na hunturu ne, ba shi da hadari ko tsawa. Da yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, busasshen gindin wani tsohon babban tafki, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da gudu ta kwashi farar ƙasa mai laushi kamar gari.

Da bazara da damina kuwa, tashin ƙurar Sahara ya fi komawa yamma, wajen arewacin Mali da Muritaniya da kudancin Aljeriya. Zafin hamada yana cilla ƙurar sama har kimanin kilomita 5, sai ta hau kan iskar damshi ta yi yamma bisa tekun Atlantika, cikin mako guda ta kai tsibiran Karibiyan, kamar yadda aka gani a watan Yunin 2020. Ta lokacin hunturu ta fi karkata kudu: wani binciken da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 27 da ɗoriya na ƙurar Sahara ke sauka a yankin dajin Amazon na Kudancin Amurka duk shekara, tana kai masa sinadarin fosfaras mai ciyar da itatuwa. Wannan ƙura ta sama ban san mata suna a Hausa ba, don ba ta shiga idon kowa a nan. Wanda ya ji wani suna a bakin tsofaffin garinsu, ya rubuto mini.