Kada ka sayar da namijin kanarin nan

Ɗana, na ji bayaninka. Ka ce tun ranar da ka haɗa su namijin bai bar macen ta huta ba: yana korar ta daga sanda zuwa sanda, ya fige mata gashin ƙeya, ita kuma ta sauka ƙasan keji ta takure a kusurwa, ko abinci sai ya juya baya take ɗan sata. Kana tambaya ko ka sayar da shi ka nemo mai sanyin hali. Kada ka sayar. Je ka raba su yanzu, sannan ka dawo mu yi magana.

Ruwa ba ya tsami banza. Namijin ya riga macen shiryawa ne, kai kuma ka biye wa kukansa ka buɗe masa ƙofa. Shi kanari tsawon yini ne ke motsa masa sha'awar haihuwa. Asalinsa tsibiran Kanari da Madera da Azores ne, a Tekun Atlantika, inda yini ke tsawo ya gajarta da lokutan shekara. Idan haske ya kai awa 13 zuwa 14 sai jikinsu ya tashi, amma sau da yawa namiji kan yi gaba da makonni. Yana nema, tana gudu, a keji kuwa babu wurin gudu. Daga nan nema ke komawa duka. In da fitila kake ƙara musu haske, ƙara kaɗan-kaɗan, kamar rabin awa a mako, kuma ka tabbata dukansu sun kusa shekara.

Abin da nake yi shi ne keji mai ɗaki biyu da shamaki a tsakiya. Da farko allo, su ji juna ba su ga juna ba. Bayan 'yan kwanaki sai in sa raga. Sheƙa da zare mai laushi a ɓangarenta. Daga nan aikina kallo ne kawai, kuma ita nake kallo, ba shi ba. Za ka ga ta fara yawo da zare a baki, tana yayyaga takardar ƙasan keji, tana shiga sheƙa tana juyawa da ƙirji kamar mai gwada kwano. Ɗauke ta a hankali ka hura gashin cikinta: idan fatar ta fito fili babu gashi, ta kusa. Babbar alama kuwa, ya saki fukafukai yana kuka da ƙarfi, ita ta durƙusa a kan sanda ta ɗaga bindi, ko ta matso raga ta buɗe baki ya ɗura mata abinci. Ranar da ka ga haka, zare ragar da safe, a ranar da kake gida, ka ja kujera ka zauna.

Za a ɗan yi cacar baki da buɗe fukafukai, wannan ba komai. Amma kora marar tsayawa, ko hana ta cin abinci, ko jini ko da ɗigo ne, mayar da raga nan take, a sake gwadawa bayan mako guda. Ni ma sauri ya taɓa haifa mini nawa. Ina sabon shiga na haɗa wasu da yamma na tafi na kwanta, wai kafin safiya sun saba. Da asuba na tarar da macen a ƙasa, kanta duk jini, ba ta kai azahar ba. Namijin nan kuwa, shekarar da ta biyo, shi ya fi kowa ciyar da 'ya'ya a ɗakin.

Sa kwanon abinci biyu da na ruwa biyu, nesa da juna. Kuma kada ka ajiye wani namiji inda wannan zai riƙa hango shi, domin haushin kishiyarsa a kan macen yake saukewa.

Idan ta fara ƙwai, ɗaya take yi kowace safiya, yawanci 3 zuwa 5. Ɗauke kowanne ka sa na roba, ka mayar mata da su ranar na huɗu don su ƙyanƙyashe tare bayan kwana 13 ko 14. In ba haka ba ɗan autan ba ya samun ɗura. A lokacin kwanci ka lura da shi. Wani namijin yana kai mata abinci har sheƙa, bar shi. Wani kuma tayar da ita yake yi yana neman sake barbara, har ƙwai ya huce ko ya fashe. Irin wannan mayar da shi bayan raga, ita kaɗai za ta iya renon.

Wani lokacin ma ba shi ne ke takura mata ba, mu ne. Yawan leƙa sheƙa, matsar da keji, kunna fitila tsakar dare, kyanwa tana gilmawa, duk suna sa mace ta bar ƙwai. Idan ka ga tana zabura daga sheƙa da dare, goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sheƙar da safe. Jan ɗigo na nufin ƙananan ƙwarin nan masu shan jini sun shiga. Ba macen ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka saboda kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon ƙwanta, da dafaffen ƙwai kaɗan kullum, ka kwashe ragowar kafin ya lalace. Mace da ta kumbura gashi a ƙasan keji tana nishi, bindi na sama da ƙasa, mai yiwuwa ƙwai ne ya maƙale: sa ta wuri mai ɗumi ka nemi likitan dabbobi, kada ka matsa mata ciki. Kuma zubi biyu a shekara ya ishe ta, ko da tana son na uku.

Macen taka kuwa, ba ta mako biyu ita kaɗai, inda ba ta ganinsa, ƙeyar ta warke tukuna. Idan ta fara ɗaukar zare ka kira ni in zo mu duba cikin tare.