Shin Finafinan Barkwanci Na Da Sun Cancanci Nazari?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, kuma na zaɓi in rubuta kundina a kan finafinan Charlie Chaplin. Abokan karatuna sun sa ni gaba, wai na bar manyan ayyuka na kama camama, har na fara tsoron kada malamai su raina aikin. In sauya batu tun da sauran lokaci?

Amsa: Kada ki sauya, 'yata, domin maganar tasu ta samo asali ne daga wata gurguwar fahimta da nake cin karo da ita kullum, cewa barkwanci baiwa ce kawai, a kunna kyamara ɗan wasa ya yi ta tuntuɓe jama'a na dariya. Wannan fahimta tana da haɗari, saboda ita ce take sa furodusa ya ƙi biyan marubuci, ya tara 'yan wasa ya ce kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa, sannan fim ya mutu kafin shekara ta zagayo.

Ki duba City Lights na 1931. Chaplin yana son makauniya mai sayar da furanni ta ɗauka cewa talakan da ke gabanta attajiri ne, alhali fim ɗin ba a magana a cikinsa, ita kuma ba ta gani. Ya shafe watanni yana neman mafita, aka yi ta maimaita ɗaukar wannan fitowa sau ɗaruruwa, har ya dace: talakan ya ratsa ta cikin wata tsadaddiyar mota da ke tsaye domin ya kauce wa ɗan sanda, ya fito ya rufe ƙofa, ita kuwa ƙarar ƙofar kaɗai ta ji. A kan wannan ƙara guda aka ɗora labarin gaba ɗaya. Wanda ya kira wannan shirme bai san wahalar sana'ar ba. Haka ɗan wasan barkwanci Buster Keaton a wani fim na 1928, da ya tsaya bangon gida ya faɗo masa, ya tsira ta kafar taga: sai da aka auna wurin tsayuwarsa daidai, domin kuskuren taku ɗaya zai iya zama ajalinsa.

Abin da ya raya waɗannan ayyuka kuwa shi ne ciwon da ke ƙarƙashin dariyar. Chaplin ya tashi cikin talauci a Landan, ya zauna a gidan gajiyayyu yana yaro, mahaifiyarsa ta yi fama da taɓin hankali. Shi ya sa a The Gold Rush na 1925, sa'ad da yunwa ta sa ya dafa takalminsa, ya zauna yana ci cikin natsuwa da mutunci, yana tsotsar ƙusoshi, mai kallo yake dariya alhali tausayi ya cika shi.

Masu ɓata mini rai su ne waɗanda suke yanko gutsattsarin finafinan nan su watsa a Facebook, su ƙara musu sauri, su liƙa sautin dariya da aka naɗa. Gajerun finafinan Chaplin na 1916 da 1917 an ɗauke su ne da hotuna ƙasa da 24 a daƙiƙa, saboda haka idan aka haska su da gudun zamani sai mutane su riƙa zabura, lissafin lokacin da ya sha wahala a kansa ya rushe. Ki nemi kwafin da aka gyara bisa gudunsa na asali, ki haɗa da shirin Unknown Chaplin na 1983, wanda Kevin Brownlow da David Gill suka tattara daga ɗaukar da Chaplin ya yi watsi da ita, ki gina babinki na farko a kansa.