Tambayi Mama: Na Gaji da Cewa "Lafiya Lau"

TAMBAYA: Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni gwauruwa ce, malamar firamare a kudancin Kaduna. Shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana, ya bar ni da yara huɗu da bashin jinyarsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashina ba ya kai ni tsakiyar wata. Na kwashe adashina tun farkon shekara, na ci bashin taki, ga kuɗin makarantar babban ɗana. Ni ce shugabar zumuntar mata a majami'armu, ni nake ƙarfafa wasu, don haka ba wanda ya san halin da nake ciki. Kullum ƙarfe biyun dare ina durƙushe ina kuka, amma in na tashi damuwar tana nan. Mama, rashin bangaskiya ne? Me ya rage da ban yi ba?
— 'Yarki cikin Ubangiji

AMSA: 'Yata, sannu. Allah ya ƙara miki haƙuri da rashin maigidanki, ya raya yaran nan. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma kowane karo wuri ɗaya idona yake tsayawa, inda kika ce ba wanda ya sani.

Bari in fara cire miki wannan ƙaya. Mace mai tashi ƙarfe biyun dare ta durƙusa ba marar bangaskiya ba ce. Hannatu ta yi kuka a Shilo har Eli firist ya zaci ta bugu. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi. Ubangiji da kansa a Getsamani ya ce wa almajiransa ransa yana shan wahala har kamar ya mutu, ya roƙi Bitrus da Yakubu da Yahaya su zauna a faɗake tare da shi. Ki lura da wannan. Ɗan Allah bai ji kunyar gaya wa mutum uku cewa kaya ya yi masa nauyi ba.

Na san kin haddace 1 Bitrus 5:7, mai cewa mu zuba masa dukan damuwarmu domin yana kula da mu. Wataƙila ma kin sha karanta wa mata ita a zumunta. Amma ayar ba ita kaɗai take tsaye ba. Ki koma aya ta 6: ku ƙasƙantar da kanku ƙarƙashin hannun Allah mai iko, domin ya ɗaukaka ku a kan kari. Maigidana, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki kafin ya yi ritaya, shi ya nuna mini cewa a Helenanci ayoyin nan biyu jimla ɗaya ce. Wato zuba damuwar ita ce hanyar ƙasƙantar da kan. Mu kuwa mun raba su. Muna son Allah ya ɗauke mana kayan, amma ya bar mana sunan nan na "Mama mai ƙarfin hali". Kada ki ji haushina, 'yata, amma wani shirun da muke kira haƙuri, in an tona shi, girman kai ne a ƙasa.

Ba daga littafi kaɗai nake faɗa miki ba. Lokacin da muke aikin bishara a wani ƙauye, maigidana ya kwanta ciwo wata biyar. Hatsin da ikilisiya ta tara mana bayan kaka ya ƙare, na sayar da keken ɗinkina a ɓoye, sannan zannuwan aurena ɗaya bayan ɗaya. Ran Lahadi in ɗaura ɗankwali in zauna a bencin gaba, duk wanda ya tambaya in ce lafiya lau. Matar mai bishara ce ni, ina zan kai kunyar roƙo? Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa, wadda ko karatu ba ta iya ba, ita ta lura ta daina jin ƙarar keken. Ta shigo ɗakina ba sallama mai tsawo, ta zauna a tabarma ta ce, "Uwargida, mu ba mutane ba ne? Ko mu sai dai ki yi mana addu'a, mu ba mu isa mu yi miki ba?" Har yau in na tuna maganar nan sai idona ya cika. Kafin mako ya zagayo, mata sun kawo tiya-tiya ta dawa da masara, samari sun nome mana gona. Addu'ar da na yi wata biyar ina yi, amsarta tana zaune a bencin bayana kowace Lahadi, ni ce na hana ta hanya.

Ki buɗe 2 Sarakuna sura 4, domin labarinki ne sak. Matar wani daga cikin ƙungiyar annabawa, mijinta mai tsoron Allah ya mutu ya bar bashi, mai bin bashin yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Ta je ta faɗa wa annabi Elisha da bakinta. Bai karɓi ko kwabo a hannunta ba (ki riƙe wannan, domin masu cewa ki shuka iri da sauran kuɗin cefanenki kafin Allah ya ji ki sun yi yawa yanzu). Ya tambaye ta me take da shi a gida, ta ce ɗan mai ne kawai a kwalba. Sai ya aike ta wurin maƙwabta ta aro tuluna, kuma kada ta aro kaɗan. Ki yi tunanin matar nan tana bin gida-gida, kowa ya san mijinta, kowa ya san dalilin zuwanta. Allah da ya iya yawaita mai ai ya iya halitta tulu. Amma sai da ta ƙwanƙwasa ƙofofi, kuma man ya tsaya ne daidai inda tulunan da ta aro suka ƙare.

To ga abin da nake so ki yi a makon nan. Ki ɗauki littafin rubutu irin na 'yan ajinki, ki rubuta kowane bashi, nawa ne, na wane ne, wanne ne yake haihuwa. Bashin da ba a rubuta ba, da dare ninki biyu yake zama. Ki shimfiɗa takardar gaban Ubangiji yadda sarki Hezekiya ya shimfiɗa wasiƙar Assuriyawa a Haikali, ki ambaci kowanne da sunansa. Sannan ki zaɓi mata biyu masu riƙe magana, ba dukan zumunta ba, ki nuna musu. Tare da ɗayarsu ki je wurin fasto da dattawa. Wannan ba bara ba ce. A Ayyukan Manzanni sura 6, mutum bakwai aka zaɓa musamman domin ana manta wasu gwauraye a rabon abinci, kuma ba a gyara ba sai da aka yi magana. Mai takin kuwa, ki same shi da rana tsaka kafin shi ya same ki, ki gaya masa abin da za ki iya biya duk wata, ko kaɗan ne, ki kuma cika.

Ba zan ce miki bashin zai ɓace kafin Kirsimeti ba. Nawa keken ɗinkin sai bayan shekara uku na sayi wani. Wasu za su ji su yi gulma, wannan ma gaskiya ne. Amma Galatiyawa 6:2 ta ce mu ɗauki nauyin juna, kuma matan da kike shugabanta ba za su iya bin ayar nan a kanki ba muddin kina ce musu lafiya lau. Ina kuma da tabbacin akwai wata a cikinsu da take kuka ƙarfe biyun dare kamar ki, tana ganin ke ba ki san irin wannan ba.

Rashin barcin nan ma kada ki raina shi. Ki je asibiti a auna jininki, domin hawan jini ba ya sallama, yaran nan kuma ke kaɗai kika rage musu. In kin farka da dare, ki karanta Zabura 4:8 a hankali, ki ce wa Ubangiji takardar tana hannunsa, ki koma ki kwanta.

Ni da matan da muke taruwa ran Laraba da yamma za mu riƙa tuna ki, ba tare da suna ba. Ki sake rubuto mini bayan wata ɗaya, ina so in ji abin da mata biyun suka ce, da yadda kuka ƙare da mai taki.