In fara da gini ko da inji? Amsa ga mai son buɗe shagon ƙanƙara

Wani ɗan kasuwa daga Kasuwar Dole ta Damagaram, a Nijar, ya rubuto: "Na tara sefa miliyan 4, ina son buɗe shagon ƙanƙara da ruwan sanyi kafin bazara. Magini ya ce cikin wata uku zai gama. In fara da gini ko da sayen inji daga Kano?"

Alhaji, fara da inji. Magininka bai yi maka ƙarya ba, amma wata ukun nan aikin hannunsa kawai ya lissafa. Bai sa iyaka a ciki ba, balle wuta da ruwa.

Ka tuna 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, kuma sai a Fabrairun 2024 aka ɗage. Wanda ya riga ya zuba kuɗinsa a bulo, yana jiran kaya su biyo ta Daura da Matamaye, ɗaki fanko ya yi ta kallo wata da watanni. Yashi da magini suna nan gari kullum; inji kuwa sai hanya ta yarda. Ga shi da naira za ka saye shi, ita kuma ba ta kwana inda ta yini. Ranar da canji ya yi maka daɗi ka biya, ka haɗa kuɗin duwan da na mota a lissafi.

Zancen ruwa ba sai na gaya wa ɗan Damagaram ba. A Afrilu da Mayu, lokacin da ƙanƙara take ciniki, a lokacin ne famfo yake yin shiru, 'yan ga-ruwa su ƙara wa jarka kuɗi, wuta ta riƙa ɗaukewa da rana tsaka. Gina tankin ruwa kafin ka yi tunanin fenti. Ka kuma lissafa gazuwal nawa janareta zai sha a yini, ka raba shi kan kowace ledar ƙanƙara, ka ga ko riba ta saura.

Kada ka jingina da azumi kaɗai: kowace shekara yana matsowa da kusan kwana 11, yanzu wajen sanyi ya nufa.

Da ni ne, zan ware jika 700, wato sefa dubu 700, in ajiye, ba zan taɓa ba sai abin da ban shirya masa ba ya taso. Magini kuma mataki-mataki za ka biya shi: tushe, bango, rufi.