Tambayi Likita: Hazo, Hayaƙi da Ƙirjinmu

Tun da hunturu ya kankama, kusan duk saƙonnin da ke shigo mini a kan tari ne da toshewar numfashi. Shekaranjiya da safe na biyo ta gadar Kawo, da ƙyar nake hango fitilar motar da ke gabana. Ga huɗu daga cikin tambayoyinku.

Malam Sani, Tudun Wada: Likita, wannan hazon daga ina yake tasowa, kuma da gaske ne yana shiga jini?

Malam Sani, kaso mai yawa daga arewacin Chadi yake zuwa, daga wani kwari da ake kira Bodele, gadon tsohon tafki ne da ya ƙafe tun shekaru dubbai. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta kwashi farar ƙasar nan ta yo kanmu da ita. A 2006 masanin gajimare Ilan Koren da abokan aikinsa sun bi sawun ƙurar da hotunan tauraron ɗan adam, suka nuna tana ƙetare tekun Atlantika har dajin Amazon. Tun 1880 ma wani ɗan Sikotland, John Aitken, ya gano cewa tururin ruwa sai ya sami ƙwayar ƙura ya lafe a jikinta kafin gajimare ya haɗu. Na daɗe ina jinjina wa masu wannan fanni, domin awon da suka fara don su fahimci hadari da ruwan sama, yau da shi muke fahimtar abin da ke cin huhun marasa lafiyarmu.

Manyan ƙwayoyin ƙura a hanci da maƙogwaro suke maƙalewa, su ne kake kakkarowa da safe. Na tsoro su ne ƙananan da ake kira PM2.5, waɗanda silin gashi ya ninka kaurinsu wajen sau 30. Suna kaiwa can ƙasan huhu, mafiya ƙanƙanta kuma kan ratsa su shiga jini. Shi ya sa mai hawan jini da mai ciwon zuciya ma abin ya shafe su. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin PM2.5 da ta yarda da shi na shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kiyubik mita ta iska.

Maman Aisha, Rigasa: Yarona ɗan shekara 7 yana da asma. Saboda sanyi muna sa kaskon gawayi a ɗaki mu rufe taga, amma tarinsa ƙaruwa yake.

Maman Aisha, don Allah daga daren yau a fitar da kaskon nan. Kin rufe wa ƙurar waje ƙofa, kin kunna wadda ta fi ta sharri a kusa da kan yaron. Hayaƙin gawayi da itace cike yake da irin ƙananan ƙwayoyin da na ambata, ga kuma iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ba na manta wata asuba da aka kawo mana uwa da 'ya'yanta uku a bayan Keke Napep, kowa jiki ya saki, ƙaramar tana ta amai. Maƙwabta sun ɗauka abincin dare ne. Kasko ne suka kwana da shi. Allah ya sa aka ɓalle ƙofar da wuri, duk suka tashi. Ba kowa ke samun wannan sa'ar ba. Haka janareta: kada a tayar da shi a soro ko gindin taga.

Ki ƙara masa bargo, rigar sanyi da safa. Ki daina shara yana wurin, ki yayyafa ruwa tukuna, kayan ɗaki kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su ma a ɗaga masa ƙafa, na san wannan zai yi wa mata da yawa wuya. Inhelarsa ta kasance a jakar makaranta, malaminsa ya san da ita. Masu cewa inhela tana kama mutum, ba gaskiya ba ne. In kika ga haƙarƙarinsa na shiga ciki, ko ya kasa haɗa magana, ko leɓɓansa sun sauya launi, ba a jiran gari ya waye, asibiti kai tsaye.

Ibrahim mai Keke, Kakuri: Ƙyallen da nake ɗaurawa a hanci ya wadatar?

Yana tare manyan ne kawai, Ibrahim. Nemi takunkumin N95 wanda zai kama fuska ba tare da kafa ba, in ya yi dauɗa ka sauya. Ka riƙa shan ruwa, ka ɗan shafa man kaɗanya ko Vaseline a bakin hanci saboda haɓo. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa kada ka ɗora wa hazo, je a gwada majinarka; gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Hajiya Binta, Unguwar Rimi: Ƙura ce ke kawo sanƙarau?

Hajiya, ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ƙura tana share mata hanya. Busasshiyar iska tana tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar da ke zaune a wurin ta sami ƙofar shiga jini. Ga cunkoso a ɗaki ɗaya, tagogi a rufe. Arewacin Najeriya na cikin zirin sanƙarau da ya taso daga Senegal har Habasha, kuma manyanmu ba su manta annobar 1996 ba. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar. In masu riga-kafi sun zo unguwa, ki fito da jikokinki. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya, ko jariri ya ƙi nono maɗigarsa ta kumbura, a garzaya asibiti a wannan sa'ar, domin cutar tana iya kashewa cikin kwana guda.