Amsa: Wace kyauta ta dace da ɗan ƙanwata mai otizim (lalurar da ke shafar yadda yaro ke mu'amala da mutane da yadda yake jin ƙara da taɓawa)?

'Yar'uwa, kin ce shekarar yaron 5, yana toshe kunne in hayaniya ta yi yawa, kuma kullum wuyan rigarsa a jiƙe saboda tauna. Ai ya riga ya nuna miki abin da yake buƙata.

Tunda ƙara na damunsa, ki manta da motar wasa mai jiniya da walƙiya, komai kyanta. Ki nemo masa marufin kunne mai rage ƙara. Taunar kuwa ba fitina ba ce, da ita yake samun natsuwa. Akwai abin wuya na silikon da aka yi don taunawa. Ki zaɓi mai igiyar da ke ɓallewa in ta maƙale, kuma da ya fara tsagewa a canza shi.

In mai son taɓe-taɓe ne, ƙwallon matsawa ko yashin wasa mai danƙo sun wadatar. Bargo mai nauyi yana yi wa wasu yara daɗi, amma ni dai ba zan saya ba sai an tambayi likitansa. Galibi ana ba da shawarar kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin yaron, kuma dole ya iya yaye shi da kansa.

Ƙananan maganaɗisu da ƙwayoyin nan masu kumbura a ruwa kam, kada su shiga gidan. Mai kai komai baki zai haɗiye su, kuma suna iya toshe hanji ko huda shi.

Ran bayarwa kada a taru a kansa. Ki ajiye kusa da shi, zai ɗauka in ya shirya.